Yadda Za Ku Tallafa wa Yaro Mai Galahanga, ADHD ko Matsalar Karatu a Gida da Makaranta

Tambayar da iyaye suka fi aikowa ita ce: an ce yaronmu yana da galahanga (autism), ko ADHD, wato matsalar rashin iya tattara hankali da yawan motsi, ko matsalar karatu da ake kira disleksiya, to daga ina za mu fara? Wasu ma likita bai ce musu komai ba tukuna. Sun dai ga yaro yana toshe kunne da zarar an kunna injin niƙa, ko ya ƙi wata riga ko da za a yini ana rarrashi, ko kuma kullum malami ya aiko da ƙorafin cewa ba ya zama wuri ɗaya. Ga aikin nan a jere, kuma jerin yana da muhimmanci. Wanda ya tsallake matakin farko ya tafi sayen kaya, yawanci asarar kuɗi yake yi.

1. Ku buɗe littafin lura

Littafin rubutu da biro kawai ake bukata, sai mako biyu na haƙuri. Duk lokacin da yaron ya rikice, ku rubuta abu biyar: ƙarfe nawa ne, a ina ne, me ya faru gabanin haka, me ya yi, me ya kwantar masa da hankali. Ku riƙa rubuta lokutan da yake cikin natsuwa su ma, domin su ne za su nuna muku abin da ke yi masa daɗi.

Ku rubuta abin da ido ya gani. “Ya yi taurin kai” ba zai amfane ku da komai ba. Amma idan kuka rubuta “ƙarfe bakwai da kwata na safe, a ɗakin wanka, ana zuba masa ruwa a ka ya ƙwalla ƙara, ya yi shiru da aka naɗe shi tam da tawul”, kun samu bayani biyu a layi ɗaya: ruwa a ka yana damunsa, matsi a jiki yana kwantar da shi.

Yayin da kuke rubutun, ku sani cewa hanyoyin da jiki ke karɓar saƙo sun wuce gani, ji, shinshina, ɗanɗano da taɓawa. Akwai wasu uku da ake mantawa da su. Ɗaya yana cikin kunne, shi ke kula da daidaiton jiki da motsi. Na biyu yana cikin gaɓoɓi da tsoka, shi ke gaya wa mutum inda hannunsa yake da ƙarfin da ya kamata ya sa. Na uku shi ke sanar da yunwa, ƙishirwa, fitsari da ciwo daga cikin jiki. Yaro yana iya jin abu fiye da kima, sai ya guje shi. Yana iya jinsa ƙasa da kima, sai ya riƙa nemansa: tsalle, juyi, tauna wuyan riga, karo da bango. Kuma yaro ɗaya yana iya haɗa duka biyun, ya ƙi ƙara amma ya so lilo.

Hattara: kada ku sauya komai a cikin makon nan biyu. Idan kuka fara gyara tun ba ku gama lura ba, ba za ku san abin da ya yi aiki ba.

2. Ku fara tabbatar ba ciwo ba ne

Ku ɗauki littafin ku je wurin likitan yara. Ku nemi a gwada jinsa da ganinsa, a duba haƙoransa da kunnuwansa, a yi maganar barci da taurin bayan gida. Yaron da ba ya iya cewa haƙori na ciwo zai iya faɗa da cizo ko buga kai. Idan halinsa ya sauya farat ɗaya, ciwo ne abin zargi na farko. Farfaɗiya ma ta fi yawa a tsakanin masu galahanga, don haka idan yakan ƙura ido na ’yan daƙiƙu ba ya amsa kira ko taɓawa, ku ɗauki bidiyo da waya ku nuna wa likita.

Ga ƙananan yara akwai takardar tambayoyi mai suna M-CHAT-R, wadda ake cikewa ga ’yan wata 16 zuwa 30. Tantancewa ce kawai, hukuncin yana hannun ƙwararre. Shi kuwa ADHD, kafin a tabbatar da shi sai alamun sun kai wata shida, sun bayyana kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Shi ya sa bayanin malami yake da daraja a wajen likita.

Idan kuɗin hannunku kaɗan ne, a nan ya kamata su tafi: gwajin ji da gani, sai ’yan zama da ƙwararren koyar da magana ko ƙwararren da ke koya wa yara ayyukan yau da kullum. Ku roƙe shi ya koya muku abin da za ku ci gaba da yi a gida, domin sa’a ɗaya a mako ba ta kai sauran sa’o’in da yaron yake tare da ku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kwas na horar da masu kula da yaran da ke da jinkirin girma, ana samunsa kyauta a intanet. Kuma kada ku zauna jiran sakamako. Layin ganin ƙwararru yakan yi tsawo, duk matakan da ke biye kuwa ba sa bukatar takardar likita.

Hattara: babu maganin da ke “warkar da” galahanga. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan ruwan da ake tallatawa da sunan MMS, wanda sinadarin bilic ne, da kuma magungunan da ake cewa suna cire ƙarafa daga jini. Dukansu suna iya halaka yaro. Allurar rigakafi ba ta jawo galahanga. A shekarar 2010, mujallar likitanci ta Lancet ta janye rahoton 1998 da ya yaɗa wannan zargi. Maganin barci irin melatonin ma kada a ba yaro sai da izinin likita.

3. Ku gyara wurin kafin ku nemi gyara yaron

Wannan ne matakin da na fi so iyaye su daɗe a kansa, domin kusan kyauta ne kuma amfaninsa yana saurin bayyana. Ku koma littafin ku zaɓi abu ɗaya da ya fi maimaituwa. Ɗaya tak. Ku gwada gyaran mako guda kafin ku ƙara wani.

Idan ƙara ce, ku kashe talabijin da ba mai kallo, ku sanar da shi kafin a kunna inji: “zan kunna, zai yi ƙara, zan ƙirga goma in kashe.” Ƙarar da yaro ya san da zuwanta ta fi sauƙin ɗauka a kan wadda ta faɗo masa ba zato. Abin toshe kunne irin na masu aiki kusa da injina ba shi da tsada, kuma yana taimako a wurin cunkoso.

Hattara: kada ya yini da shi a kunne. Yawan sa shi yana iya ƙara wa kunnen rashin jure ƙara. A sa shi lokacin bukata, a cire idan an wuce wurin. A bakin titi kuma ku riƙe hannunsa, tunda ba zai ji mota sosai ba.

Idan haske ne, dogayen fitilun fuloresan sukan yi ƙyaftawa da ɗan gunjin da ku ba kwa lura da shi, shi kuwa yana ji. A sauya da ƙwan fitila mai taushin haske, a sa labule, a ba shi hula mai baki idan za a fita. Idan tufafi ne, ku yanke ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a bayan wuyan riga, ku juya safa ɗinkin ya koma waje, ku wanke sabuwar riga sau biyu kafin ya sa. In kun dace da wadda yake so, ku sayi irinta biyu ko uku, kun huta da rigimar safe. Taɓawa sama-sama takan fi damun irin waɗannan yara a kan riƙo mai ƙarfi, don haka wajen taje kai ko goge jiki ku danna hannu da ɗan nauyi, kuma ku zo masa ta gaba inda zai gan ku.

Wajen cin abinci, sau da yawa laushi ko wari ko launi ne matsalar. Ku ajiye ɗan mitsitsin sabon abu a gefen wanda ya saba, ba tare da ya taɓa shi ba, kada kuma ku ce sai ya ci. Kallo ma ci gaba ne, shinshinawa ma haka.

Hattara: kada ku bar shi da yunwa da nufin zai gaji ya ci. Wasu yaran ba za su ci ba har su galabaita. Idan nau’in abin da yake ci yana ta raguwa ko yana ramewa, ku koma wurin likita.

Sai ku ware masa kusurwar hutu. Tebur da aka lulluɓe da zane ya isa, a sa matashi biyu da abin da yake son riƙewa. Doka ɗaya ce: ba a tura shi can don horo. Ranar da wurin ya zama na hukunci, ya daina amfani ke nan.

4. Ku ba jikinsa motsin da yake nema

Yaron da ke tsalle a kan kujera kullum, motsi jikinsa yake roƙo. Ku ba shi ta hanyar da kuka tsara kafin ya nema da kansa. Aiki mai nauyi yakan kwantar da yara da dama: tura kwandon wanki, ɗaukar littattafai daga ɗaki zuwa ɗaki, tura bango da hannu biyu, rarrafe, matsa kullun wasa. Minti biyar zuwa goma kafin tafiya makaranta, da bayan dawowa, da kafin zaman karatu. Mai tauna riga ko fensir a nemo masa abin taunawa na roba da aka yi don haka, a riƙa duba shi kada ya gutsure.

Kaɗa hannu, jijjiga jiki, ko maimaita wata kalma, hanyarsa ce ta daidaita kansa. In ba ya cutar da kowa, ku ƙyale shi. Na san idon mutane yana da nauyi, amma hana shi ba ya cire damuwar, sai dai ta fito ta wata ƙofa mafi muni. Wanda ke cutarwa, kamar buga kai ko cizon hannu, shi ake nema wa madadi.

Hattara: bargo mai nauyi yana da tsada, kuma ba kowane yaro yake yi wa amfani ba. Ba a lulluɓa wa jariri, ba a rufe fuska da shi, kuma dole yaron ya iya yaye shi da kansa. Ana yawan ba da shawarar kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin yaron. Mai farfaɗiya ko matsalar numfashi sai an tambayi likita. Lilo da juyi kuma, da zarar kun ga launin fuskarsa ya sauya ko yana jiri, ku tsayar.

5. Ku sa ranar ta zama abin gani da ido

Magana tana wucewa, hoto yana nan. Ku ɗauki hotunan ainihin kayansa da waya, buroshinsa, takalminsa, jakarsa, ƙofar makarantarsa, ku buga ku liƙa a kwali bisa jerin yadda safiya take tafiya. In buga hoto zai yi wuya, zanen hannu ya wadatar. Ku fara da hoto uku ko huɗu. Duk abin da ya gama, shi da kansa zai cire hoton ya sa a ambulan. Ga ƙaramin yaro, kati mai gida biyu ya isa: “da farko takalmi, sannan lilo.”

Sauya aiki shi ne inda rigima ta fi tashi. Ku ba da sanarwa saura minti biyar, sannan saura ɗaya, da agogon yashi ko na waya wanda zai ga lokacin yana ƙarewa. Ku tanadi kati guda mai alamar tambaya na ranar da shiri ya sauya, ku fara gwada shi da sauyi mai daɗi don ya saba.

Ku rage kalmomi. Ku kira sunansa, ku faɗi abu ɗaya, ku yi shiru ku ƙirga goma a zuci. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne maimaita umarnin da wasu kalmomi daban tun bai gama fahimtar na farko ba, sai ya koma farko. Ku faɗi abin da kuke so ya yi: “taka a hankali” ya fi “daina gudu”. Kada ku tilasta masa kallon idonku, da yawansu sun fi sauraro idan suna kallon gefe.

Wanda bai fara magana ba, a ba shi katunan hoto ko manhajar magana ta waya ya riƙa nuna abin da yake so. Iyaye kan ji tsoron hakan zai hana shi buɗe baki. Bincike bai nuna haka ba, sau da yawa ma yana taimaka wa maganar ta fito.

Barci kuma yana cikin jadawalin. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar sa’a 10 zuwa 13 har da na rana, ɗan 6 zuwa 12 kuma sa’a 9 zuwa 12. A kashe waya da talabijin sa’a guda kafin kwanciya, a bi jeri iri ɗaya kowane dare.

6. Idan abin ya fi ƙarfinsa

Ku bambanta bori da tumbatsa. Mai bori yana neman wani abu ne, yana satar kallonku, kuma yakan daina idan ya samu. Wanda abin ya fi ƙarfinsa kamar kofi ne da ake ɗiga wa ruwa tun safe, ƙarar aji, ƙaiƙayin riga, yunwa, har ɗigo na ƙarshe ya sa ya zube. A wannan hali ba ya jin nasiha, ba ya jin barazana. Wasu ma ba sa ihu, sai su yi tsit su kasa magana.

Abin yi a jere: ku kawar da abin da zai ji masa rauni, ku rage mutane da haske da ƙara, ku sassauta murya ko ku yi shiru gaba ɗaya, ku zauna kusa. Bayan ya sauko, ku ba shi ruwa da lokaci. Maganar abin da ya faru sai can anjima. Sannan ku rubuta a littafi, musamman alamun da suka riga tashin, kamar kai-komo ko maimaita tambaya, don gobe ku tare shi tun da wuri.

Hattara: duka ba ya koya masa komai sai tsoro. Kada a danne yaro rub da ciki ko a hau ƙirjinsa, an rasa rayuka ta haka. Idan kuma yakan sulale ya fita, ku sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kai, ku sa masa lambar wayarku a jiki, ku rufe duk wani ruwa da ke kusa. Yaran nan da yawa ruwa yana jan su, kuma nutsewa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka ɓace. Ranar da aka neme shi aka rasa, wurin ruwa za a fara dubawa.

7. Ku kai abin da kuka gano makaranta

Ku rubuta shafi ɗaya, kada ya wuce haka, malami mai yara da yawa ba zai karanta goma ba. A sa hoton yaron, abin da ya ƙware a kai, abin da ke tayar masa da hankali, alamun farko, da abin da ke kwantar da shi. Ku nemi zama na musamman da malamin, kada ku tare shi a bakin ƙofa lokacin tashi. Ku fara da tambayarsa: “Malam, me ka lura da shi a aji?” Malamin da aka saurara ya fi saurin ba da haɗin kai, kuma yana ganin abin da ku ba kwa gani.

Ku nemi abu uku kacal a zaman farko, waɗanda ba sa cin kuɗi. Misali: a zaunar da shi gaba, nesa da ƙofa da taga, a ba shi kati da zai ɗaga idan yana bukatar fita na minti biyar, a rubuta umarni a allo bayan an faɗa da baki. Daga baya a ƙara wasu, kamar barinsa ya fita gabanin a kaɗa ƙararrawa don guje wa turereniya, aikensa raba littattafai don ya motsa, sanar da ku kafin ranar da za a sauya malami, da ƙarin lokaci da ɗaki marar hayaniya a jarrabawa. Duk abin da aka amince a rubuta, da sunan wanda zai yi da ranar da za a sake zama. Ba alfarma kuke roƙo ba: sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman, ta shekarar 2006, ya tanadi karatu tare da sauran yara da gyare-gyaren da suka dace, kuma mafi yawan ƙasashe sun amince da ita. Ku binciki abin da dokar ƙasarku ta ce.

Hattara: ku roƙi kada a hana shi fita wasa a matsayin horo. Yaron da ya fi kowa bukatar motsi shi ake hanawa, sai darasin da ke biye ya lalace. Idan kuma malami ya ce lafiya lau yake a aji alhali yana dawowa gida yana fashewa, kowa gaskiya ya faɗa. Daurewa yake yi duk yini, ’yan mata sun fi yin haka. Ku kuma riƙa tambaya game da tsangwama, domin ba lallai ya kawo ƙara da kansa ba.

Ɗan littafi da ke kai-komo cikin jakarsa zai haɗa ku da malamin: layi biyu daga gida da safe, layi biyu daga makaranta, kuma kullum a sa abu ɗaya mai kyau.

8. Aikin gida da karatu

Idan ya dawo, a bar shi ya ci abinci ya huta ya motsa tukuna. Sai a zauna wuri ɗaya kullum, tebur babu tarkace. Minti goma na aiki, uku na motsi. Ku rufe sauran shafin da farar takarda ya ga tambaya ɗaya kawai. Ku yi yarjejeniya da malami a kan iyakar lokacin aikin gida, in lokacin ya cika ku ja layi ku sa hannu.

Mai disleksiya yana bukatar a koya masa alaƙar harafi da sauti dalla-dalla, a jere, da maimaici: ya faɗi sautin, ya zana harafin da yatsa, ya gan shi. Ƙara masa yawan karatu irin na kowa ba zai warware matsalar ba. Rubutun kwamfuta mai girman haruffa 12 zuwa 14 da tazara tsakanin layuka yana sauƙaƙa masa, haka littattafan sauraro. Kada a tashe shi karatu a gaban aji ba shiri. Abin da ya fi ƙauna kuwa, jirgi ne ko dabbobi, ku shigar da shi cikin lissafi da rubutu.

9. Ku sake dubawa

Bayan mako huɗu zuwa shida, ku buɗe littafin ku kwatanta. Rikicewar ta ragu? Tsawonta fa? Yana saurin saukowa? Abin da ya yi aiki a riƙe, wanda bai yi ba a ajiye, a ɗauki abu na gaba a jerin. Ku tambayi yaron shi ma, da baki ko da hoton fuska mai murmushi da mai ɓacin rai. Duk wanda ke kula da shi a gida a nuna masa shafin nan guda, ’yan’uwansa kuma a yi musu bayani daidai shekarunsu, a ware musu nasu lokacin. Ku raba aikin tsakaninku don kowa ya samu barci. A farkon kowane zango, ko idan an sauya aji ko malami, ku sabunta shafin ku sake neman zama da makaranta tun makon farko.